Bin Na Gaba Bin Allah Ne?

Tun muna yara muke jin iyayenmu suna cewa bin na gaba bin Allah ne. Maganar tana da tushe. Doka ta huɗu ta umarce mu mu girmama uba da uwa, Manzo Bulus kuma a babi na 13 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya koyar cewa ikon masu mulki daga wurin Allah yake. Amma akwai tambayar da kowane Kirista zai gamu da ita wata rana. Idan na gaba ya umarce ka da abin da Allah ya hana, wa za ka bi?

Ikilisiya tana da masu amsa wannan tambaya a nan Afirka. A ƙasar Buganda, cikin Yuganda ta yau, Sarki Mwanga na 2 yana da samari masu yi masa hidima a fada, da yawansu kuwa sun karɓi bangaskiya. Ba a taɓa kama su da ha'inci a aikin sarki ba. Shugabansu, Yusufu Mukasa, ya faɗa wa sarki gaskiya a kan kisan Bishop Hannington na Ikilisiyar Angalikan, ya kuma kare yaran fada daga aikin lalata da sarkin yake neman su da shi. Saboda haka aka sare masa kai ran 15 ga Nuwamba 1885. Charles Lwanga ya gaje shi wajen kula da yaran. Da ya ga haɗari ya matso, sai ya yi wa masu koyon addini baftisma da dare, har da Kizito, ɗan shekara kamar 14. Ran 3 ga Yuni 1886 aka ƙone Lwanga da abokansa a Namugongo, tare da 'yan'uwansu na Angalikan. Paparoma Bulus na 6 ya sa shahidai 22 na Katolika cikin jerin waliyai a shekarar 1964.

Mu lura da irin ƙin da suka yi. Ba su ɗauki makami ba, ba su zagi sarki ba, ba su kuma daina yi masa aikin da ya halatta ba. Abu guda suka hana shi, wato abin da yake na Allah. Wannan ita ce matsayar Bitrus da sauran manzanni a gaban majalisa, cikin babi na 5 na Ayyukan Manzanni, sa'ad da aka hana su wa'azi: umarnin Allah yana gaba da na mutum. Ikon kowane shugaba aro ne, mai aro kuwa ba shi da hurumin amfani da kayan a kan mai shi.

Wani zai ce, ashe ke nan kowa zai iya ƙin umarni ya fake da sunan Allah. Wannan damuwa ce ta gaskiya, gama taurin kai yakan sa rigar ibada. Sarki Saul ya bar umarnin Ubangiji, ya ce dabbobin da ya ajiye na hadaya ne, Annabi Sama'ila kuwa bai karɓi hujjar ba. Don haka sai mutum ya auna kansa. Abin da nake ƙi zunubi ne, ko dai wahala ce kawai ba na so? Na horar da lamirina da Maganar Allah da koyarwar Ikilisiya, na kuma nemi shawarar Fada ko dattawa masu tsoron Allah? Wa zai ɗauki hasarar, ni ko wani? Mai ƙi domin Allah shi yake biyan kuɗin ƙinsa, kamar yadda Ubangijinmu ya miƙa nufinsa ga Uba a Gatsemani, ya kuma ɗauki gicciyen da kansa.

Yawancinmu ba za a kai mu wuta ba. Jarrabawarmu tana zuwa a ofis, inda babba zai ce wa akawu ya sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba. Tana zuwa a kasuwa, inda ubangida zai ba yaronsa mudun da aka lotse gindinsa. Tana zuwa a unguwa ranar tashin hankali, sa'ad da manya suka ce wa samari su fita su rama. A irin waɗannan wurare mutum yana iya rasa aiki, ko ƙarin girma, ko farin jini a wurin dangi. Ya ƙi cikin ladabi, ya faɗi dalilinsa, ya ci gaba da aikinsa na halal da aminci fiye da dā.

Mu kuma da muke gaba da wasu, iyaye da malamai da masu gida, mu yi hattara kada mu sa na ƙasa da mu ya zaɓa tsakaninmu da Allah. Karin maganar nan gaskiya ce muddin na gaban yana bin Allah.

Waliyi Charles Lwanga da abokanka, ku yi mana addu'a. Amin.