Dutse ne ke tunawa, ko mutum?

Watan jiya na sayi wani tsohon littafin tarihin zane da sassaƙa a wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa. Jika guda na ba da. A cikinsa na ga hoton wani mutum kwance, an sassaƙa shi da farin dutse mai santsi: yana sanye da sulke da kwalkwali, hannuwansa bisa takobin da ke ƙirjinsa, idanunsa a rufe kamar mai barcin gajiya. Sunansa Gwidarello Gwidarelli, basarake kuma mayaƙi daga birnin Rabenna na Italiya. Ya yi wa Cezare Borjiya aiki, aka kashe shi a Imola a 1501. Sassaƙar kabarinsa, wadda ake jingina wa Tulliyo Lombardo, ta 1525 ce. Shekara ɗari biyar ke nan, ga fuskarsa har yau.

Ni kuwa ban san inda kabarin babana yake ba.

A makabartar Yantala muka rufe shi ina ɗan lise. Muka kafa guntun kwano da sunansa a jiki. Damina ta zo ta tafi, ta sake zuwa, kwanon ya yi tsatsa, ruwa ya tafi da shi. Bara na je ziyara, na yi ta zagaye tsakanin tudun ƙasa masu kama da juna har la'asar. Wallahi kuka na yi, kamar a ranar ya rasu.

Da na koma gida na ce wa baffana, tun farko da siminti ya kamata a yi. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, addu'a sai ta tambayi hanya?" Na yi shiru, amma raina bai kwanta ba. Shi ya sa hoton Bataliyen nan ya tsaya mini a wuya. Wa aka fi yi wa adalci, shi ko babana?

To, ga abin da dutsen ya adana. Ana cewa ba a fagen fama Gwidarello ya mutu ba, a kan rikicin wata riga ce da ya ba da aro. Dutsen bai faɗi haka ba, jarumi ya nuna mana. Daga baya kuma sai camfi ya yaɗu cewa macen da ta sumbaci leɓensa za ta yi aure kafin shekara ta zagayo. Mata suka yi ta zuwa suna sumbatar sa, galibinsu ba ruwansu da ko wane ne shi. Ka ga fuska ta tsira, mutumin ya ɓace.

Kwatanta da kabarin Askiya Muhammad a Gawo, can sama a bakin wannan kogin da muke ƙetarawa kullum ta gadar Kennedy. An gina shi a 1495, tsayinsa mita 17, kuma da laka. Ya girmi dutsen Rabenna. Abin da ya tsayar da shi shi ne mutanen gari na taruwa lokaci lokaci su sake yaɓe shi. Ranar da suka daina, ruwa zai cinye shi. Laka ba ta yarda a manta da ita a ce ana tunawa.

Mu ɗaliban ilimin harshe muna da cutar tona kalma, ku yi haƙuri. Dubi "marigayi". Daga "rigaya" take, wato wanda ya riga mu. Kalmar ba ta ce ya ƙare ba, ba ta kuma ce yana nan ba. Cewa ta yi yana gaba, muna baya, hanya ɗaya ce. Dutsen yana ƙoƙarin tsayar da matafiyi a tasha. Harshenmu kuwa rakiya yake yi masa.

Sannan ga inda muke ajiye matattunmu: a baki. Yayata ta haihu, aka raɗa wa yaron sunan babanmu. Ba mai iya kiran sunan a gidan saboda alkunya, sai "Abba". Innarmu na cewa "maigidana ya tashi?" tana dariya, hawaye na zuba. Kullum safe ana yaɓe wannan kabarin.

Amma kada in yi wa kaina ƙarya don rubutu ya yi daɗi. Kukan da na yi a Yantala ba jahilci ba ne. Ɗan Adam na son wurin da zai tsaya ya ce "nan ne". Addinin da ya hana gini a kan kabari shi ne kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aza dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un don ya gane shi. Alama halas ce. Abin tsoro shi ne alamar ta ɗauke mana aikin, mu biya magini sau ɗaya mu ce mun sauke nauyi.

Baffa ya yi gaskiya, addu'a ba ta ɓata hanya. Ni ne mai ɓata, shi ya sa nake son dutse. Ƙarami dai, wanda ba zai iya tunawa ba sai da ni.

Jumma'a mai zuwa zan koma Yantala da Abba. Zan tsaya inda zuciyata ta fi zato, in ba shi labarin mai sunan.