Salla Ake Wa Ƙasaru, Ba Amana Ba



'Yan uwa matasa, kuna yawan tambayata: wanda ya tafi Umra ko karatu Misra, ya samu aikin da zai riƙa yi ta intanet, ya halatta? Na'am, ijara ce, matuƙar aikin kansa halal ne. Amma a kiyaye abu huɗu.

Na farko, faɗa wa mai aikin inda kake. Kana Makka kana nuna masa kana Kano, wallahi ha'inci ne. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawari.

Na biyu, lissafa lokaci. Makka tana gaban Najeriya da awa 2: taron ƙarfe 4 a Abuja ƙarfe 6 ne a can, kusa da Magariba. Ku daidaita kafin ka sa hannu.

Na uku, bincika abin da bizarka ta ba ka izini.

Na huɗu, in ka yi niyyar zaman kwana 4, a Malikiyya ka cika sallarka.

Matafiyi yana da rangwame wajen Ubangijinsa, amma haƙƙin wanda ke biyanka yana nan cif.

Allah Ya azurta mu da halal.