Ƙuri'ar Fushi a Ma'aunin Shari'a

Duk wanda ya zauna a majalisun hira na Falgore, a ƙaramar hukumar Rogo, ba zai rasa jin wannan magana ba: wai 'yan siyasa duk kanwar ja ce, ƙuri'a kuwa ba ta da sauran amfani sai dai a huce haushi da ita.

Wannan haushi yana da tushe, kuma ba yau aka fara ba. A 1979 talakawan Jihar Kano sun juya wa NPN baya, suka bi PRP ta Malam Aminu Kano, Gwamna Abubakar Rimi kuwa ya soke haraji da jangali. Amma kafin zaɓen 1983 Rimi ya koma NPP. A 2023 an sake irin wannan: jama'a suka bar APC da PDP suka rungumi NNPP, har Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya, wanda yake kan kujerar Sanatan Kano ta Kudu tun 2007. Mazaɓar Karaye da Rogo ita ma NNPP ta zaɓa. A 2025 sai ga shi Sanatan da ɗan majalisar wakilai na mazaɓar sun koma APC, watau gidan da aka yi fushi aka baro.

To, me Musulunci ya ce? Malamai da yawa na wannan zamani sun ɗauki ƙuri'a a matsayin shaida. Shaida kuwa a nan fuska biyu gare ta. Mai dangwala yatsa yana cewa wancan bai cancanta ba, yana kuma cewa wannan ya cancanta, ko ya sani ko bai sani ba. Mai ƙuri'ar fushi yakan yi bincike sosai a kan rabin farko: ya san rijiyar da ba a haƙa ba, ya san takin da bai iso gona ba sai da damina ta yi nisa. Rabi na biyu ne yake bayarwa ido rufe. Ya shaidi mutumin da bai san amanarsa ba, don kawai hularsa ta bambanta da ta wancan. A gaban alƙali, da an tambaye shi inda ya san wanda yake yi wa shaida, da kunya ta kama shi.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, ya gargaɗi muminai kada ƙin wasu mutane ya kai su ga barin adalci. Hadisi ingantacce na Buhari da Muslim ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Ranar zaɓe kuwa kowane manomi alƙali ne na 'yan mintoci. Ba a hana shi kayar da wanda ya ci amana ba. Wannan ma yana cikin hani da mummuna. Abin da ake nema shi ne ya auna mai shigowa da mudun da ya auna mai fita, ya tambayi maƙwabtansa da waɗanda suka taɓa ciniki da shi.

Akwai kuma masu cewa sun daina zaɓe ɗungurungum, kuma suna da yawa: a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba su fito ba. Wanda ya bincika da gaske bai ga na kirki ba, yana da uzuri. Amma wanda ya san na kirki ya zauna a gida, sai ya duba aya ta 283 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓoye shaida, ta kuma jingina zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa.