Wane Ne Zai Riƙe Linzamin Damina?

A watan Yuni na shekara ta 1991, dutsen Pinatubo da ke ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya watsa miliyoyin tan na hayaƙin farar wuta can ƙololuwar sama. Hazon ya tare wani kaso na hasken rana, har zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo baya. A 2006, Paul Crutzen, masani ɗan ƙasar Holan wanda ya sami kyautar Nobel, ya ba da shawara cewa idan mutane sun kasa rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, ana iya kwaikwayon dutsen nan, a riƙa fesa farar wuta a sama da gangan.

Shawarar ba ta rasa hikima ba, Littafi Mai Tsarki kuma bai hana mutum aiki da basira ba. Mai haƙa rijiya ma ya sa hannu a halitta. Amma aikin da aka danƙa wa Adamu a Farawa sura 2 noma ne da tsaro. Mai tsaron gona kuwa ba ya sāke mata iyaka don ransa ya so.

An taɓa gwada ƙera ƙaramar duniya. A shekarar nan ta 1991, mutum takwas suka shiga wani katafaren gidan gilashi a Arizona ta Amurka, mai suna Biosphere 2, aka rufe su tare da gonaki, da kurmi, har da ɗan teku, domin su rayu shekara biyu da abin da ke ciki. Sai iskar shaƙa ta yi ta raguwa, daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 14. Ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa ne suke shanye ta, abin da masu zanen ginin ba su lissafa ba. Yawancin ƙwarin da ke barbarar furanni suka mutu, tururuwa da kyankyasai suka mamaye wurin. Dole aka hura musu iska daga waje. Su dai suna da waje. Duniya ba ta da inda za a nemo mata agaji irin wannan.

Akwai kuma batun maƙwabci. Wani bincike da masana yanayi na Ingila suka buga a 2013 ya nuna cewa idan aka yi feshin a arewacin duniya kaɗai, ruwan sama zai iya janyewa daga yankin Sahel. Idan a kudanci ne, Sahel ta sami ruwa, arewa maso gabashin Brazil ya bushe. Ke nan duk wanda ya zaɓi wurin feshin ya zaɓi wanda geronsa zai ƙone. Manomin Katsina ko na Maradi ba shi da jirgin fesawa, ba shi kuma da kujera a ɗakin da za a yanke wannan shawara.