Sakin wanda ya sha ƙwaya: ya auku ko bai auku ba?

Tambaya: Allah gafarta Malam, 'yata na auren wani yaro mai shan tramadol da kodin. Saki biyu ya riga ya shiga tsakaninsu. Daren Juma'ar da ta wuce ya dawo a buge ya ce ya sake ta, da gari ya waye ya rantse bai san ya faɗa ba. Iyayensa sun ce sakin maye ba saki ba ne, mu mayar da ita, wai zai je asibiti. 'Ya'yansu uku. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri. Kada ka mayar da ita a kan maganar surukanka, domin sun ɗauki ƙauli ɗaya a mas'alar da malamai suka daɗe suna saɓani, ba su kuma duba sharaɗinsa ba.

Mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne sakin wanda ya yi maye ta haramtacciyar hanya yana aukuwa. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo haka daga Sa'idu bin Musayyib da Sulaimanu bin Yasar, ya kuma tafi a kai. Hujjarsu: shi ya jawo wa kansa gushewar hankali, kuma saɓo ba ya zama rangwame. A ɗaya ɓangaren, Bukhari ya ambaci cewa Sayyidina Usmanu bai zartar da sakin mahaukaci da na mai maye ba, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun rinjayar da wannan, dokar Masar ta 1929 ma shi ta ɗauka. Ƙauli ne mai ƙarfi, ba na raina shi.

Amma wane mai maye ake nufi? A nan mutane ke zamewa. Shehu Khalil da kansa ya nuna taraddudin malamai game da wanda maye ya kai shi ga rasa tantancewa gaba ɗaya. Al-Baji da Ibn Rushd sun haɗa shi da mahaukaci, suka siffanta shi da wanda ba ya bambanta sama da ƙasa, ko namiji da mace. Waɗanda ma suka ce sakin mai maye ba ya aukuwa, wanda bai san abin da yake faɗa ba suke nufi, irin wanda aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana shi kusantar salla. Wanda ya ɗan yi tangaɗi, idonsa ya yi ja, harshensa ya yi nauyi, amma ya san gidansa ya san matarsa, bai shiga wannan rangwamen ba.

Galibin masu shan ƙwaya a wannan hali na biyu suke. Mutum zai haɗiyi tramadol mai lamba 225, alhali likita 50 ko 100 yake rubutawa, ya hau babur ya yi acaɓa wuni guda, ya ba da canji daidai ba kuskure. Don haka ka tambayi 'yarka da duk wanda ya ji: da ƙafarsa ya dawo ko ɗauko shi aka yi? Ya kira sunanta? Ya ambaci abin da ya haɗa su faɗa? Ya ce ta kwashe kayanta, ko ya nemi takarda? Idan haka ne, da tantancewarsa ya yi magana, saki ya auku, shi ne na uku, ba ta halatta gare shi sai ta auri wani mijin aure na gaskiya. Mantuwar safe ba hujja ba ce. Abin dubawa halinsa lokacin furuci.

Idan kuwa shaidu sun tabbatar ya fita hayyacinsa sarai, yana sambatu bai gane kowa ba, wannan ne muhallin saɓani, kuma ba zan yanke shi daga jin bakin ɓangare ɗaya ba. Ku je gaban alƙali, ya ji kowa. Hukuncinsa yana ɗauke saɓani. Kafin nan ta zauna a gidanka, kada su keɓe. Uzurin "magani ne" kuma ba ya karɓuwa sai ga wanda likita ya rubuta wa, ya sha yadda aka ce, sannan ya juya masa kai. Wanda ya saya a kemis don ƙarfin aiki ko manta damuwa, ya san abin da ƙwayar take yi, hukuncinsa na mai giya ne a wannan babi.

Ko da alƙali ya ce aure na nan, 'yarka na da haƙƙin neman rabuwa saboda cutarwa idan yana dukanta ko ya bar ta ba ci ba sha. Idan saki ya tabbata, renon yara nata ne, ciyarwarsu a kansa. Ina kuma gargaɗinku da auren kisan wuta: an la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa, kuma a mazhabarmu ba ya halatta ta ga na farko.

Akwai laifin da ya rataya a wuyan iyaye. Ana sanin yaro na shaye-shaye a ɓoye wa dangin yarinya, a ce aure zai natsar da shi. Wannan ha'inci ne. Aure ba asibiti ba ne, 'yar mutane kuma ba magani ba ce. Saki biyu ya wuce a wannan gida, ba wanda ya kai yaron nan wurin likita sai da igiya ta ƙarshe ta zo tsinkewa.

Duk da haka kada ku la'ance shi. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana la'antar wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. A kai shi asibitin masu taɓin hankali, irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, ko sashen gyaran hali na hukumar NDLEA. Idan likita ya ga a rage masa ƙwayar a hankali saboda yankewa farat ɗaya na wahalar da jiki, bin umarninsa halal ne. Kada a kai shi gidan mari. Mun ga abin da aka bankaɗo a irin wannan gida a Rigasa a 2019, ɗaure mutum da sarƙa zalunci ne. Ya nemi magani ko matar ta dawo ko ba ta dawo ba, domin shi ne uban yaran nan uku.

Allah ne Mafi sani.