Fulotin Bakin Kwari

An yi wani magidanci a Maska, manomi mai ƙwazo. Wata shekara masara da waken suya suka yi masa kyau, ya kai kasuwar Funtuwa ya sayar, ya dawo da niyyar gina wa babban ɗansa gidan da amarya za ta tare. Ana tsakiyar rani wani dillali ya kai shi bayan gari, ya nuna masa fili shimfiɗaɗɗe wanda kuɗinsa bai kai rabin na kan tudu ba. A ranar ya biya, shaidu suka sa hannu.

Ya kira tsohon maginin da ya gina gidan mahaifinsa. Tsohon bai ko warware igiyar awo ba. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza: yashi mai laushi a sama, baƙar laka a ƙasa, duk ta tsattsage. Ya taka zuwa gindin wata ɗorawa, ya nuna busasshen taɓo da ya zagaye jikinta har tsayin gwiwa, da kara da leda da suka sarƙe a saiwoyinta.

"Alhaji, wa ya kawo waɗannan?"

"Iska ce, Baba."

"Iska ba ta shafa wa itace taɓo. Tun ina yaro ruwan gonakin can sama ta nan yake bi ya faɗa rafi. Sai ya yi shekara uku bai cika ba, ta huɗu ya zo da ƙarfinsa. Araha ba ta ado, ɗana."

Alhaji ya yi dariya, ya ce ai an yi tifa don ciko.

Ɗan nasa, da yake ya yi boko, ya matsa sai an nemi takardar izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha. Aka kai zanen gida, aka turo jami'i. Jami'in ya naɗe zanen ya soke a hammata, ya bi gangaren da ƙafa har bakin titi, inda ya tarar da kwalbati bakinta na kallon filin kai tsaye. Ya tambayi mai unguwa da maƙwabta inda ruwan bara ya tsaya, suka nuna masa. Da ya dawo ya ce ba zai sa hannu ba sai an ja ginin zuwa ɓangaren tudu, an bar tsakiyar filin a buɗe.

Alhaji ya ja shi gefe ya miƙa masa na goro. Jami'in ya mayar masa da hannu cikin ladabi.

"Ku yi haƙuri, Alhaji. A Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci mutum sama da 40 a Jibiya, gidajen bakin kogi ne suka tafi. Ba zan sa hannu a kan abin da zai hana ni barci ba."

Mutanenmu da yawa sun ɗauki wannan takarda hanyar karɓar kuɗi ce kawai, kuma wannan kuskure yana cin rai. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, har Kogin Sakkwato ma daga yankin Funtuwa ya taso. Ƙoramun da ke ciyar da irin waɗannan koguna bushewa suke yi ƙayau da rani, lokacin da manomi ke da kuɗi a hannu kuma cinikin fili ke tashi. Mai saye ba ya ganin komai sai busasshiyar ƙasa. Idan mai ba da izini bai taka ya duba ba, wa ya rage?

Alhaji dai ya yi fushi, ya ce filinsa ne, da guminsa ya saya. Tsohon magini ya ƙi aikin, sai Alhaji ya ɗauko wasu samari. Aka zuba ciko, aka ɗaura rodi, aka ja katangar bulo daga wannan iyaka zuwa waccan.

Watan Agusta marka ta kankama. Wani dare aka kwana ana tafka ruwa. Kwalbati ta cika ta amayo, ruwa ya gangaro ya tarar da katanga. Katangar ba ta faɗi ba, don an ba ta siminti yadda ya kamata. Sai ruwan ya karkata gabas, ya afka gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ginin jar ƙasa. Rumbunta ne ya fara kifewa. Kafin ɗakin ya zauna, maƙwabta suka fasa zana suka fito da ita da jikokinta biyu, ruwa har ƙugu.

Da safe aka taru a ƙofar mai unguwa. Alhaji ya ce ƙaddara ce. Liman ya ce ƙaddara gaskiya ce, amma mutum biyu sun gargaɗe shi, kuma addini bai yarda mutum ya kare gidansa da cutar maƙwabci ba. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, a gidan nan na haifi 'ya'yana duka, ruwa bai taɓa tsallake mini dokin ƙofa ba sai bana."

Alhaji ya sunkuyar da kai ya daɗe. Sannan ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ya aika aka kawo guduma, shi ya fara dukan katangar da hannunsa. Ya gina mata ɗaki, ya auna mata dawar da ta yi asara. Bayan kaka ya koma Funtuwa da sabon zane, gida ɗan madaidaici a ɓangaren tudu, jami'in ya sake zuwa ya duba ya sa hannu. Bikin ɗan nasa sai da aka ɗaga shi shekara guda.

Kai da kake shirin sayen fili da kuɗin amfanin gonarka na bana, ka je ka gan shi a watan Agusta kafin ka biya, ka tambayi dattawan unguwar inda ruwa ke bi. Ku kuma masu sa hannu a takardar izini, don Allah ku taka ƙafa ku je wurin.