Batirin da aka ce ya mutu

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Darmanawa cikin watan Disamba ko Janairu ya san wannan sauti: a murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas-ƙas, ta yi shiru. Sai a kira matasan layi su tura, direba ya sa giya biyu, ya saki kuloci. Idan kuwa atomatik ce, turawa ba ta da amfani, sai neman wanda zai ara batir. Kafin azahar mai motar ya kama hanyar Ƙofar Ruwa, yana cewa batirinsa ya mutu.

Sau da yawa bai mutu ba. Kunna fitila, za ta kama, rediyo ma zai yi magana. Wuta tana nan, abin da ya gagara shi ne ba da ita da yawa a lokaci guda. Kik ɗin ƙaramar mota mai shan fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200 na daƙiƙa biyu ko uku, na tirela mai shan gas kuwa ya ninka haka sau da dama. Batirin dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, yana samar da wuta ne ta hanyar haɗuwar sinadarai, kuma wannan aiki yana da nasa saurin. Zafin Afrilu yana cinye farantan cikinsa a hankali, sanyin hunturu ya zo ya rage masa kuzari, ga man inji ya yi kauri. Nan ne rauninsa yake bayyana.

A nan ne kafasita yake shigowa, kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne ɗan abin nan da mai gyara yake canzawa idan fanka ta koma sai an juya ta da sanda. Na tayar da mota ɗan uwansa ne, amma abin da yake riƙewa ya fi na fanka sau miliyoyi. Ba ya jiran sinadarai, cajin yana zaune ne a fuskar gawayin da aka sarrafa, shi ya sa yake cika da sauri, ya juye da sauri. Kowace ƙwaya ɗaya tana ɗaukar kusan bolt 2.7, sai a jera biyar ko shida su kai abin da mota mai bolt 12 take buƙata.

Aikinsa kamar na uwar adashi ne. Batirin da ya raunana ba zai iya fitar da amfiya 200 ba, amma zai iya zuba kaɗan-kaɗan na minti biyu ko uku. Na'urar tana karɓa, ta ɗaga ƙarfin, ta tara, idan an murɗa makulli ta miƙa wa kik kwasar gaba ɗaya. Inji na tashi, altaneta ta maido abin da aka kashe. Akwai na hannu da ake maƙalawa a kan batir, akwai wanda ake ɗaurawa dindindin a manyan motoci, irin wanda kamfanin Maxwell na Amurka ya yi suna da shi kafin Tesla ya saye shi a 2019.

Inda abin ya fi damuna shi ne kan ruwa. Motar da ta ƙi tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko bakin kasuwar Tarauni tana da masu turawa. Jirgin da injinsa ya ƙi tashi a tsakiyar kogin Kwara wajen Yawuri fa? Ƙananan injina ana jan igiya, amma babban injin gas sai da kik. Shi ya sa ake raba wutar jirgi biyu, ta fitilu daban, ta tayar da inji daban, kuma kafasita ya dace da ta biyun, don yana jure caji da juyewa sau dubu ɗaruruwa, sanyi kuma bai cika taɓa shi ba.

Yana da iyakarsa. Duk wutar da ya tara ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta batir ba, kuma idan an ajiye shi kwanaki tana zurarewa. Ba ya gyara altanetar da ba ta caji, ba ya kankare tsatsar kan batir. Idan sifana ta haɗa bakinsa biyu kuwa, tartsatsin zai iya ƙona hannu.

Saboda haka kafin a yanke wa batir hukunci, a sa mai wayarin ya ɗora mita. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 a tsaye. A murɗa makulli a duba: idan ya faɗi ƙasa da 9.6, ya raunana ko bai samu caji ba. Idan bai faɗi ba amma kik yana ja da ƙyar, a bi waya da kawunan batir, a duba kik ɗin kansa.